Izinin wasa, daga ƙarfe 8 zuwa 12

Goggona ta ce ko ɗaure ta za a yi ba za ta je ofis ba. "Kai da ka yi lakwal, kai za ka je, ɗana. Ni in na shiga wurin nan bakina mutuwa yake." Wannan fa matar da na sha gani tana tsawata wa ƙarti goma a tsakar gida har su sunkuyar da kai. Amma teburi da biro da mutum mai tabarau sun fi ƙarfinta.

Ƙanwar mahaifina ce, kuma 'yar bori ce tun ban zo duniya ba. An yi mata girka bayan wata doguwar jinya da ta yi tana amarya. Baba bai taɓa son abin ba, sai dai sun yi zamansu a kan wata yarjejeniya da ba wanda ya furta: shi ba ya tambaya, ita ba ta ba da labari. Ni hanyar Baba na bi, kuma shekara 19 ke nan ina aikin akawu. Sai dai ba zan ɓoye ba, tun ina yaro nake son in ga iska da idona. Yaran unguwarmu kowa da labarinsa, wannan ya ga Doguwa a gindin tsamiya, wancan an kira sunansa a bakin rijiya. Ni na je tsamiyar nan da tsakar rana, na koma da almuru, na zauna har ƙafata ta yi sanyi. Ban samu komai ba sai cizon cinnaka da bulalar Baba.

Jikar Goggo ce ta yi ciwo ta tashi, kuma an yi wa iskoki alkawarin akuya da wasa. A da, goro za a kai wa mai unguwa, a gaya wa sarkin bori, a kira mai goge, shi ke nan. Yanzu da halin tsaro ya zama abin da ya zama, taron dare mai kiɗa sai da takarda. Ban ga laifin wannan ba. Na san abin da ya sa aka kafa dokar, kuma da ni ne a kujerar da haka zan yi.

Saurayi na tarar a ofishin, bai kai ni shekaru ba, ya ce min "Mushe", na amsa. Mu dai a Nijar mun saba, 'yan uwanmu na Najeriya ne suke dariya in sun ji ana kiran mai rai da wannan suna. Ya zaro takarda ya fara tambaya.

Sunan wanda ya shirya taron. Kafin in fito Goggo ta ja min kunne: "Ba ni na kira wasa ba, su suka nema." Na ba da sunanta duk da haka, don Ɗan Galadima, iskan da aka yi wa alkawarin, ba shi da katin shaida.

Irin taron. A nan muka daɗe. Ya ce in ya rubuta addini, za a tambaye shi wace ƙungiya ce, ina lambar rajistarta. In ya rubuta magani, maganar ta bar teburinsa ta koma ta mutanen lafiya. Biki ne? Ba aure, ba suna. Ya ɗan buga biro a haƙori, sannan ya rubuta al'adun gargajiya. Ya ce, "Wannan ba ta da rigima."

Adadin waɗanda za su halarta. Bakina ya riga ni, na ce, "Da waɗanda ake gani kawai, ko har da sauran?" Bai yi dariya ba. Ya yi a'uziyya a hankali, ya dubi ƙofa, ya rage murya ya ce kakarsa ma tana da nata, wai Sarkin Rafi ne. Sai ya gyara zama ya rubuta 50.

Lokaci: daga ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 12. Sauran kuma kun san shi. Tambur ya ƙare sai gobe, gobe mai sa hannu ya tafi taro Yamai. Kwana uku da jika biyu, takarda ta fito da jan hatimi.

Da na karanta wa Goggo sai ta tafa hannu. "Gargajiya? Irin rawar da ake yi wa gwamna in ya zo buɗe rijiya?" Kalmar ta fi komai ƙona mata rai, ko da yake su ma da bakinsu wasa suke cewa. Sannan ta ce, "To wa zai gaya wa iska ƙarfe sha biyu ta yi?"

Ban ba ta amsa ba, amma tambayar ta tuna min wani abu da na daɗe ina mamakinsa. Cikin iskokin da ake kira a yankinmu na Arewa akwai waɗanda suka san ƙarfe sha biyu sarai, don 'yan ofis ne. Babule muke ce musu, Zabarmawa kuma suna ce musu Hauka, da kalmarmu ta Hausa.

Asalinsu ba wani tsohon zamani ba ne da ya ɓace. Wajen 1925 suka ɓulla a ƙasar Kurfai, yankin Filinge, a ƙauyen Shikal, a kan wata mata da ake kira Zibo. Lokaci ne na haraji da aikin tilas, ga sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi, Gado Namalaya, wanda talakawa da yawa ba sa so. Sai ga samari da 'yan mata ana hawansu, suna fareti da bindigogin icce, suna sara wa juna irin ta soja, suna wani yare mai kama da Faransanci. Wannan gwamna ne, wancan janar, ga kofur, ga lokotoro da alluransa, har da sakatare. Wato duk wanda ke zaune a barikin Nasara, sai da aka samu iskarsa. Kuma suka daina jin maganar sarki.

Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, mutumin tsibirin Kwarsika, ya sa aka kamo kimanin 60 daga cikinsu aka kulle, aka yi musu dukan kawo wuƙa, wai sai sun faɗa da bakinsu cewa babu wasu Hauka. Na daɗe ina juya wannan a raina, don a matsayina na akawu na gane shi. Bai nemi su daina gaskatawa ba, abin da ke zuciyarsu bai dame shi ba. Furuci yake so, abin da zai shiga rahoto a rufe fayil. Ya kuwa samu. Amma abin da ya biyo baya shi ne sabuwar iska ta sauka, mai zafin rai da zagi da duka, aka sa mata suna Kwamanda Mugu, wasu kuma su ce Korsasi. Mutumin da ya rantse babu su, sai ga shi ya zama ɗaya daga cikinsu, kuma har yau yana nan yana hawa, shekara ɗari bayan nan, alhali in ka tsayar da mutum goma a kasuwa ba mai sanin sunan Croccichia.

An kori shugabanninsu daga ƙasar, abin bai mutu ba. 'Yan ci-rani suka tafi da shi Kurmi, har Ankara ta ƙasar Gana, inda Ingilishi su ma suka yi ta hanawa. A can wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauke su fim a 1954, kuma hukumar Ingilishi ta hana nuna shi. A Kano ma akwai su cikin bori, ana ce musu Turawa.

Ko kafin Nasara, iskoki ba su taɓa zama babu tsari ba. In ka saurari 'yan bori suna lissafin Jangare, birnin iskoki, sai ka rantse fada ake kwatanta maka: Sarki Sulemanu a sama, gidaje goma sha biyu, kowa da muƙaminsa, kowa da taken da ake kaɗa masa, wane ba ya sauka kafin wane. Ana kai gaisuwa, ana jiran a amsa, wani lokaci a ce ba a karɓa ba sai an ƙaro turare. Goggo da take tsoron ofis, rayuwarta duka a bakin wani ofishin ta yi ta. Bambancin da na gani guda ne. Na Jangare sun sami wurin da suka ajiye kwamanda da sakatare da likita, namu kuwa ya duba layi biyar bai ga inda zai sa su ba sai gargajiya.

Daren wasa na zo da takarda a aljihun gaba, na zauna can gefe kusa da turken awaki. Na gaya wa kaina na zo ne saboda takarda. Ƙarya nake, yaron gindin tsamiya ne ya kawo ni.

Mai goge ya fara tun ƙarfe 8 da rabi, mata suna kaɗa ƙwarya. Aka bi take ɗaya bayan ɗaya. Tara ta wuce, goma ta wuce, ba wanda ya sauka. Goggo tana zaune a tabarma lulluɓe da zane, ko motsi ba ta yi. Ni kuwa ido a agogo, kamar mai jiran mota a tasha. Wajen sha ɗaya da rabi wata godiya, wato macen da iska ke hawa, ta faɗi, aka ce Inna ce, ta yi magana da mata ƙasa-ƙasa, ta yi atishawa ta tafi. Ɗan Galadima, mai alkawarin, shiru.

Sha biyu da minti ashirin fitilar babur ta hasko zaure. Jami'ai biyu, babba da ƙarami. Na tashi da sauri na miƙa takarda, babban ya haska ya nuna min lambar 12 da yatsa. Ina cikin ba shi haƙuri sai na ji kiɗan ya sauya, ya koma wani mai sauri kamar na fareti, aka busa usur.

Wani siririn mutum ne, mai facin taya a bakin tasha, na san shi shekara da shekaru, ko gaisuwa ba ya ɗaga murya. Ga shi ya miƙe ƙyam, ido waje, kumfa a baki, yana buga ƙafa ƙasa tana amsawa. Ya fizgi bakin wuta daga murhu ya goga a ƙirji, ya jefar. Mata suka ce, "Kwamanda! Kwamanda ya zo!" Ya nufo mu kai tsaye, ya tsaya, ya sara. Na rantse na ga hannun ƙaramin jami'in ya taso har kusan kafaɗa kafin ya tuna ya mayar.

Kwamanda ya daka tsawa da Faransancinsa wanda ba a koyar da shi a kowace lakwal, amma kalma ɗaya kowa ya gane ta, takarda yake nema. Babban jami'in ya dube ni, na dube shi, ya miƙa. Kwamanda ya riƙe ta kai a ƙasa, ya bi ta layi-layi da yatsa, ya daɗe, yana gyaɗa kai yana tsaki, daidai yadda shugabana yake yi in na kai masa aiki. Sannan ya duƙa ya dangwala babban yatsa a toka, ya danna a gefen jan hatimin, ya cusa min ita a aljihu, ya juya.

Babban jami'in ya yi gyaran murya ya ce, "Rabin awa, Malam. Kada ku wuce." Suka jingina da bango. Ƙarfe 2 ta yi suna nan, har an kawo musu fura. Ɗan Galadima ya hau Goggo wajen ɗaya da kwata, ya raba goro da kuɗi kamar yadda ya saba, ya karɓi akuyarsa.

In kun tambaye ni me na gani, mai facin taya na gani. Na zuba ido iya ƙarfina ko zan hango wani abu a bayansa ko a samansa, ban hango ba. Washegari na kai masa babur da gangan, ya yi min faci, ya karɓi kuɗinsa ba ragi, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Na leƙa wuyan rigarsa, ban iya ganin ƙirjin ba, kunya kuma ta hana ni tambaya.

Da na je yi wa Goggo ban gajiya ta ce in adana mata takardar, baɗi ma a yi amfani da ita, kada a sake wahalar da ni. Na ce, "Goggo, ai ta dare ɗaya ce, hatimin ya riga ya mutu."

Ta karɓa ta duba, ta juya ta, ta ce, "Wanne daga ciki?"