Karatu daga ɗaki a Jami'ar Minnesota: abin da sabon zuwa yake tararwa

Ɗalibin da ya sauka birnin Minneapolis na Amurka da bizar karatu a 2020 ko farkon 2021 ya tarar da jami'a mai ɗalibai sama da 50,000, wadda kogin Misisipi ya ratsa harabarta, amma yawancin karatunsa yana kan teburin ɗakinsa. Tun watan Maris na 2020 korona ta mayar da darussa intanet. Manyan ɗakunan lakca shiru, malami yana cikin Zoom, aikin gida da maki suna cikin Canvas, shafin darussa na jami'ar. Baƙon da ya saba koyon gari ta hanyar bin ayari ya rasa ayarin, kuma babu mai ganin ya fara zamewa sai in shi ya buɗe baki.

A fara da takardu, domin su ne ke riƙe da zaman mutum a ƙasar. Mai bizar karatu ta F-1 da ke karatun digiri na farko dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a kowane zango. A ƙa'ida, kwas ɗaya tak na intanet, ko kiredit 3, ake ƙirgawa cikin wannan adadi. An sassauta dokar a lokacin annoba, amma ba cikin kwanciyar hankali ba. Ranar 6 ga Yulin 2020 hukumar shige da fice ta ce duk wanda makarantarsa ta koma intanet gaba ɗaya ya bar ƙasar. Jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara kotu, ranar 14 ga watan aka janye umarnin. Sassaucin ya ƙare a 2023, tsohuwar ƙa'ida ta dawo, saboda haka mai zuwa yanzu kada ya cika rajistarsa da kwasa-kwasan intanet. Kuskuren da ya fi yi wa mutane illa shi ne ajiye kwas mai wuya a tsakiyar zango ba tare da shawara ba. Danna maɓalli ɗaya ne, kiredit ya sauko daga 12 zuwa 9, zaman mutum ya saɓa wa doka. Kafin ka ajiye komai, rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Idan ka sauya gida, ka sanar da sabon adireshi cikin kwana 10. Aiki kuwa, na cikin harabar jami'a aka yarda, awa 20 a mako lokacin karatu, kuma sai da takardar ɗaukar aiki ake neman lambar Social Security, wato lambar shaidar ma'aikaci da gwamnati ke bayarwa.

Agogo ma yana yaudara, musamman ga waɗanda rufe ofishin jakadanci ya sa suka fara zangon farko daga Kano ko Yamai. Da hunturu Najeriya da Nijar suna gaban Minnesota da awa 7. Daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba tazarar awa 6 ce, domin su suna juya agogo, mu ba ma juyawa. Lakcar ƙarfe 9 na safe a can ita ce ƙarfe 4 na yamma a gida a watan Janairu, ta ƙarfe 6 na yamma kuma ta faɗo ƙarfe 1 na dare. Wa'adin miƙa aiki na 11:59 na dare shi ne 6:59 na safiyar washegari. A makon da aka juya agogo ne ake makara, don haka ka saita kalandarka ta nuna lokutan biyu.

Shiga shafin jami'a yana neman tabbaci na biyu ta waya, ta manhajar Duo. Idan ka ɗaura shi a kan layinka na gida, ranar da ka cire layin ka sa na Amurka za ka iya samun kanka a waje, ba imel ba Canvas. Saka manhajar a wayar tun kafin ka tashi. Cajar kwamfuta tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, kan soket kawai za ka saya. Butar lantarki da dutsen guga na gida a bar su, wutar can 120 ce.

Sai silabas, takardar tsarin kwas da malami ke sakawa ranar farko. A gida an saba jarrabawar ƙarshe ce ke ɗauke da yawancin maki, shi ya sa ake sake jiki sai ta matso. A can makin a warwatse yake: ƙananan gwaji na mako-mako, rubutun tattaunawa, aikin rukuni, jarrabawar tsakiya. Kwas ɗin da aka naɗi lakcarsa, ba shi da lokacin haɗuwa, shi ya fi haɗari, domin bidiyo uku da ka ce sai gobe kan zama goma sha biyu kafin ka farga. Maganinsa a ware masa awa tsayayya kamar lakcar gaske, a kwashe duk ranakun wa'adi na kwasa-kwasan a zuba su a takarda ɗaya a manna a bango. Kuma abin da muke kira taimakon juna, wato tura wa aboki amsa ta WhatsApp ko kwafo sakin layi ba a ambaci mai shi ba, a can laifi ne da ake kai wa ofishi, yana iya jawo sifili a kwas gaba ɗaya.

Jarrabawa a ɗaki tana da nata sharuɗɗa. Manhajar sa ido tana kunna kyamara da makirfo, ta nemi katin shaida, wani lokaci ta ce a zagaya da kyamara cikin ɗakin. Irin waɗannan manhajoji kan kasa gane baƙar fuska idan haske ya yi ƙaranci, saboda haka fitila ta kasance a gabanka, taga kada ta zama a bayanka. Idan intanet ya yanke, ɗauki hoton allon da lokaci a jiki, ka tura wa malami nan take.

Nan ne kunya take cutar da mu. An rene mu a kan kada yaro ya dami babba, sai ɗalibi ya kashe kyamara ya yi shiru zango guda. Amma kowane malami yana da awannin da ya keɓe don ganawa da ɗalibai, kuma sau da yawa yana zaune a Zoom shi kaɗai yana jira. Ka shiga da tambaya ɗaya takamaimai. Imel ya zama gajere: sunanka, lambar kwas, matsalar, abin da kake roƙo. Idan jarrabawa ta faɗo ranar Sallah, a faɗa tun farkon zango, ana ba da uzurin addini.

Sa'ar mai zama a wannan gari ita ce unguwar Cedar-Riverside, maƙwabciyar harabar jami'ar ta yammacin kogi, inda Somaliyawa suka yi yawa. Akwai naman halal, akwai masallatai, kuma a azumin 2020 masallacin Dar Al-Hijrah ya riƙa kiran sallah da lasifika alhali jama'a suna kulle a gida. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a zo da su a bayyana wa jami'an kwastam. Kilishi ba ya wucewa. Garin semolina yana yin tuwo. Wanda kuɗinsa ya makale a hanya ya nemi rumbun abinci kyauta na ɗalibai da ke jami'ar.

A Disamba rana tana faɗuwa wajen 4:30 na yamma, a Janairu sanyi kan sauka ƙasa da 20 a ƙarƙashin sifili, kuma mai karatu a ɗaki yana iya kwana uku bai taka waje ba. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata fiye da hunturun gida, man kaɗanya yana da rana. Ka sayi riga mai kauri da takalmi mai hana santsi tun Oktoba, ka riƙa fita da azahar ko na minti 20 ne, lokacin da hasken yake nan.