Wai shekara nawa ya kamata a fara judo?

Tambayar nan na sha ta har na gaji. Iyaye in suka ga ina kai 'yata tirenin sai su ce anya ba ta yi ƙanƙanta ba, manya irina kuma su ce ai mu kam mun makara ko. To ni na fara ina da shekara 34, ita tana da 6, rana ɗaya muka ɗaura farin bel ni da ita, kun ga kenan ina da ɗan abin cewa ta kowane ɓangare.

Abin da mutane ba su sani ba, a judo faɗuwa ake fara koya maka kafin a bar ka ka kayar da kowa. Ukemi ake ce masa. Ka faɗi ta baya, ka manne haɓarka a ƙirji don kada ƙeyarka ta bugi ƙasa, ka maka hannu a kan tatami, wato tabarmar judo, da ƙarfi, ka tashi ka sake, ka kuma sakewa, mu dai kusan sati uku ba mu yi komai ba sai wannan, har na fara tunanin ko kocin ya manta da mu ne. Shi ya sa in an tambaye ni batun yaro ba shekarunsa nake fara tambaya ba. Zai iya natsuwa ya saurari koci na 'yan mintoci? In aka ce mate, wato a tsaya, zai saki rigar abokinsa nan take? In eh ne to ya isa, kuma yawanci wajen shekara 6 ko 7 ake samun haka. A Faransa suna karɓar 'yan shekara 4 da 5, amma fa wasa ne kawai, birgima da tsalle da 'yar turereniya. Teddy Riner, ɗan judon Faransa da ya zo ya addabi duniya, yana ɗan shekara 5 ya fara. Shi kuwa Jigoro Kano da ya kafa judon gaba ɗaya, sai da ya kai wajen 17 sannan ya fara koyon jujutsu, tsohuwar kokawar Japan da judo ta samo asali daga gare ta, ya buɗe makarantarsa ta judo mai suna Kodokan a Tokyo a 1882 yana ɗan ashirin da kaɗan.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna tunda na karanta shi. A Japan, Ryo Uchida na jami'ar Nagoya ya bi diddigi ya gano sama da ɗalibai 100 sun rasu a judon makaranta cikin kusan shekara talatin daga 1983, da yawansu buguwar kai ce, kuma ba ƙananan yara ba ne, matasa ne sabbin shiga da aka jefa su randori, wato kokawar gwaji a tirenin, da waɗanda suka fi su tun ba su iya faɗuwa ba. Osoto-gari, kayarwar nan da ake share maka ƙafa ka tafi ta baya, in wuyanka bai ƙware ba ƙeya ce take fara sauka. Don haka in za ku kai yaro, ku zauna ku kalli aji ɗaya tukuna, in kun ga koci na haɗa sabon shiga da ƙato a satin farko ku ɗauki ɗanku ku yi gaba, ko shekararsa nawa ne. Shaƙewa da murɗe gwiwar hannu kuwa dama ba a barin yara su yi a gasa sai sun tasa.

Mu manya namu matsalar tsoro ce wallahi. 'Yata in aka kayar da ita kamar ƙwallo take, ta mirgina ta tashi tana dariya, ni kuwa jikina sai ya sandare, wata rana a wata na biyu na kai hannu zan tare ƙasa, abin da aka hana ni yi sau ɗari, wuyan hannuna ya gurɗe na yi sati huɗu ina zaune a gefe ina kallonta. In Olamfik kake hange kana da shekara 30, to gaskiya ka haƙura. Amma gasar masu yawan shekaru ta hukumar judo ta duniya daga 30 ma take farawa, kuma Keiko Fukuda da ta shiga Kodokan a 1935 tana da ashirin da 'yan kai, tana koyarwa har kusan rasuwarta a 2013 tana da shekara 99.

Yanzu 'yar tawa ta riga ni canza bel. Jiya ma da na faɗi ta gefe ta zo ta tsaya a kaina ta ce Baba haɓarka fa, ka manne ta.