Wata 'yar washa ta janyo min asarar tanki guda na ruwa

Wallahi har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake yi. Kan famfon besin ɗin banɗakinmu ne ya lalace, na shiga babbar kasuwar Gombe na sayo sabo da fileksibul guda, wato ɗan tiyon nan mai lanƙwasuwa da ke kai ruwa daga bango zuwa kan famfo, da farin tef na aikin famfo, na ce ai wannan ba sai na kira filamba ba. Cire tsohon bai ba ni wahala ba, zura sabon a ramin besin ma minti biyu ne.

Matsalar daga ƙasa ta fara. Besin ɗin namu irin mai ƙafa ne kuma an riga an kafe shi a bango, tsakanin bayansa da tayil da kyar yatsu uku ke shiga. Sifana ba ta samun wurin juyawa, ka saka ta haka ta daki bango, ka karkata ta ta daki ƙafar besin. Haka na kwanta rigingine a kan tayil, tocilan waya a baki, ina lalube da yatsu biyu. To a wannan laluben ne baƙar robar da ke cikin notin fileksibul, wato washa, ta faɗo ban sani ba. Ban ji faɗuwarta ba, ban gani ba.

Na ɗaura, na buɗe ruwa, sai ga ɗiga. Maimakon in kwance in leƙa cikin notin sai na ce tef ne bai isa ba, na kwance na naɗa zagaye goma, ya rage amma bai tsaya ba, na ƙara naɗawa, sannan na ɗauko filaya na kama notin a karkace na matse iya ƙarfina har sai da ɗigar ta ɗauke. Na shafa da hannu na ji a bushe, na ce alhamdulillah, na je na kwanta.

Da asuba uwargida ta tashe ni, "Malam taso ka gani, ruwa har falo." Notin ya tsage gida biyu cikin dare, tankinmu mai lita 1,000 da aka cika mana da yammacin ranar babu ko na alwala. Wanda ke zaune a Gombe ya san me nake nufi, mu a layinmu ruwan famfon da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa sai ya ga dama yake zuwa, saye muke yi. Kafet ya jiƙe sharkaf, kwana uku yana shanye a kan katanga.

Dole na kira filamban da na ƙi kira. Dattijo ne, yana zuwa ya kwance fileksibul ɗin ya leƙa ciki ya ce "Alhaji ina washar?" Na ce wace washa. Ya zura hannu bayan ƙafar besin ya zaro ta cikin ƙura, 'yar abar ba ta kai kan kwalbar lemo ba. Shi ya fahimtar da ni cewa notin fileksibul ba da tef yake riƙe ruwa ba, robar ce ke toshewa, tef ma hana notin zama daidai yake yi. Da hannu ake ɗaure shi sai a ɗan ƙara kwatan juyi da sifana, shi ke nan. Tef na wurin da bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi, ke shiga bututun bango ne, mai rabin inci, kuma ta inda noti ke ɗauruwa ake naɗa shi don kar ya warware.

Abin da ya fi ƙona min rai, kusoshi biyu kawai ya kwance ya sauko da besin ɗin ƙasa, ya ɗaura kan famfo da sabon fileksibul a sarari yana ganin komai, sannan ya mayar. Awa uku na yi a kwance ina fama da wurin da bai kamata in shiga ba tun farko. Da na sauko da shi ai da idona zan ga washar ta fita.

Ya kuma ce in daina gwada yoyo da hannu, hannu mai gumi ba ya gane komai, tishu busasshe ake naɗawa a mahaɗar a dawo bayan rabin awa. Yau sati biyu ke nan, tishun na nan a bushe, amma duk dare sai na rufe bawul ɗin ƙarƙashin besin kafin in kwanta.