Gyaran teburin ɗinki mai siffar ƙwallon duniya

Teburin da na gyara ƙirar Viyana ce ta wajen 1820, irin wanda Jamusawa ke kira Globustisch. Dunƙulen katako ne a kan ƙafafu uku masu lanƙwasa, kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya. Idan aka tura rabin sama sai ya juya a kan ƙusoshi biyu na tagulla, ya shige cikin rabin ƙasa, ƙananan durowa da madubi da wurin ajiye zare da allura su bayyana. A Ingila George Remington ya yi rajistar irin wannan ƙira a 1807, kamfanin Morgan da Sanders na Landan kuma ya riƙa sayar da ita a matsayin teburin rubutu da sunan Firayim Minista Pitt. A Viyana, zamanin da masana'antar kayan ɗaki ta Josef Danhauser ke tashe, ya zama kayan ɗinkin matan masu hali.

Ciwonsa shi ne murfin ya ƙi juyawa, yana cijewa a rabin hanya. Abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi shi ne samfefa, a kankare inda yake gogawa, kuma nan ake kashe irin waɗannan tebura. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Dunƙulen an haɗa shi ne da guntayen katako mai laushi, aka zagaye shi, sannan aka lulluɓe shi da siraran fallen katako mai tsada, kowane falle mai tsini sama da ƙasa, mai faɗi a tsakiya. Bayan shekara 200 zagayen ya ɗan karkace, ratar da ke tsakanin murfi da gindi kuwa 'yan milimita ce tun asali.

Don haka ban taɓa shi da ƙarfe ba sai da ya yi makonni a ɗakin da danshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Rabin cijewar ta tafi da kanta. Sauran ta fito ne daga ramin ƙusa ɗaya da ya cinye ya faɗaɗa, murfin ya sauka gefe guda. Na toshe ramin da ƙaramin turke na katako mai tauri, na sake hudawa daidai tsakiya, murfin ya koma yana juyawa ba tare da an rage ko ƙwayar katako ba.

Fallen da suka ɗaga su suka fi cin lokaci. Kafintocin wancan zamani da gam ɗin fata suke aiki, wanda zafi da ruwa ke narkar da shi, shi ya sa har yau ake iya gyara aikinsu. Na jiƙa awo ɗaya na gam a awo biyu na ruwa ya kwana, na ɗumama shi a kwanon da ke cikin ruwan zafi a digiri 60 na ma'aunin Celsius. Idan ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. Na zura shi ƙarƙashin fallen da siririn buroshi, na shimfiɗa takarda, na danne da jakar yashi mai ɗumi na ɗaure da ɗamara, domin maƙalin ƙarfe ba ya zama a kan abu mai zagaye, kuma yana barin tabo. Farin gam na zamani ban yarda da shi a nan ba ko kaɗan: idan ya shiga, wanda zai gyara nan gaba sai ya fasa fallen kafin ya cire shi.

Inda falle ya ɓace, sai an lura da kauri. Na dā da zarto aka yanka shi, yakan wuce milimita 1, na kasuwa yanzu kuwa wajen 0.6 ne, sai a yi masa shimfiɗa a ƙasa. Katakon mahogani da kafintocin dā suke yanka falle da shi ma daga yankin Karebiyan da Honduras yake zuwa, maɗacin Afirka ɗan'uwansa ne amma launi da zanensu ba ɗaya ba, faci da shi yana fitowa fili.

Fentin kuwa na gwada shi da auduga da sifirit a ƙarƙashin gindi, ya yi danƙo, alamar shalak ne, wato fentin ƙaro mai narkewa a sifirit. Na goge dattin kawai, na shafa shalak siriri a wuraren faci, sauran jikin kuma kakin zuma.