Bagaruwar da ba ta da ƙaya

Aikin farko da na samu a Ostareliya na ban ruwa ne, a wani wurin renon shuke-shuke da ke yammacin Melbourne. Ni ɗan Maradi ne, da takardar karatun noma na zo, amma a nan ba wanda ya tambaye ni ita. Tiyo da safar hannu aka miƙa mini, aka nuna mini layukan tukwanen roba. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturu a wannan ɓangaren duniya, yatsuna har ƙagewa suke yi don sanyi.

A cikin layukan akwai wata shuka da ta fi ko wace fita kasuwa. Mutanen nan suna kiran danginta wattle, masana kuma sun sa mata Acacia cognata. Da na ga sunan a jikin tukunya sai na ce ashe 'yar uwar bagaruwa ce da farar ƙaya. Na kai hannu a hankali, yadda duk wanda ya taɓa kiwo a garinmu zai yi. Babu ƙaya ko ɗaya. Rassanta sirara ne, suna zubowa ƙasa kamar jelar doki, ganyen kore shar, tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, faɗinsa kuwa 'yan milimita ne kawai. In ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji ɗan danƙo. Ba ma ganye ba ne na ainihi. Sandar ganye ce ta baje ta ɗauki aikinsa, kuma haka yawancin wattle na ƙasar nan suke. Daga ƙarshen hunturu sai ta fitar da 'yan furanni ƙwallo-ƙwallo, ruwan ɗorawa mai haske, maƙale a gindin ganyen.

A daji tana iya kai mita 10. Waɗanda muke sayarwa gajeru ne da aka zaɓo, irin su Limelight, da ƙyar suke wuce mita ɗaya. Ba a shuka su da iri, reshe ake yanka a dasa, don in an shuka irin ba lallai ɗan ya biyo uwar ba.

Ran nan na nuna wa mahaifina ita ta bidiyo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu kai, wannan abin akuya na ci?"

"A'a Baba, don ado ake shuka ta."

"Tana ba da itacen girki? Ko inuwa?"

"Ba ta kai nan ba, Baba."

"To Allah ya sa albarka. Amma ka tambaye su ko ita ce wadda Toni ya kawo mana."

Tony Rinaudo yake nufi, masanin noma ɗan jihar Victoria da ya zauna a Maradi a shekarun 1980 da 1990, wanda ya yi ta fama da manoma su bar kututturen gonakinsu su sake tofowa. A zamaninsa aka kai wasu wattle na Ostareliya yankinmu, musamman Acacia colei, har mata suka riƙa niƙa ƙwayarta suna haɗawa da garin gero. Tambayar Baba ce ta sa na nemi sanin asalin wadda nake ba ruwa kullum.

Gidanta ɗan tsiri ne a kusurwar kudu maso gabashin ƙasar, daga wajen Nowra a jihar New South Wales, ya biyo gaɓar teku zuwa yankin Orbost a gabashin Victoria. Can take tsirowa da kanta, a ƙarƙashin dogayen itatuwan turare, galibi a bakin ƙorama da cikin kwari, inda ƙasa take da danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Da na samu hutu, wani abokin aikina ya ɗauke ni a motarsa muka je Gippsland, wato gabashin Victoria ɗin, har bakin kogin Snowy. Gobarar 2019 zuwa 2020 ta ci dazuzzukan wannan yanki sosai, har yanzu ana ganin baƙin gawayi a jikin itatuwa. Ƙarƙashinsu kuwa wattle iri-iri ne suka cika ko'ina, don ƙwayarsu tana da ɓawo mai tauri, zafin wuta ne ke fasa shi ta tsiro. Shi ya sa a wurin aiki muke zuba wa irin sauran wattle ruwan zafi mu bar shi ya kwana kafin mu shuka.

Wannan tafiyar ta sauya mini aikin. Unguwannin yamma irin su Werribee da Tarneit cike suke da sababbin gidaje da baƙi irina, Indiyawa da 'yan Sudan ta Kudu da Habasha, kuma ƙasar wurin yumɓu ce mai nauyi da ke riƙe ruwa. Mutum ya sayi shukar da tsada, ya haƙa rami a yumɓu ya saka, ya yi ta zuba ruwa safe da yamma don ƙauna, saiwar ta ruɓe. Abin yana ci mini rai, don na san wahalar kuɗin nan. Yanzu kafin a biya sai na tambayi mutum unguwarsu. In yamma ce, in ce ya tara ƙasa ya yi tudu, ko ya bar ta a babbar tukunya, kuma ya nema mata wurin da ranar la'asar ta watan Janairu ba za ta dake ta ba. Ta haka Turancina ya saki, ta haka kuma na san mutane. Wata dattijuwa takan zo ta ce a kira mata "mutumin Nijar", ba ta sayen komai sai ta ji ta bakina.

Na ba Baba amsarsa. Wadda aka kai Maradi daga arewacin Ostareliya take, inda ake shan rani mai tsawo kamar namu. Wannan ta bakin ƙorama ba na jin za ta kai watan Afrilu a garinmu. Ya ce to in na tashi zuwa gida kada in wahalar da kaina da ita, in nemo masa almakashin aske reshe mai kyau irin wanda ya gani a hannuna.