Kafin Ka Sayi Tsohuwar Takardar Kamfanin Filayen Jirgin Ƙasa

Ɗan ƙanwata ya turo mini hoton wata tsohuwar takardar hannun jari ta wani kamfanin filaye na jihar Kansas, tun zamanin shimfiɗa layin dogo a Amurka. Wai zai saya a gwanjon intanet, don ya ji an ce irinta har yau akwai fili a bayanta. Gabana ya faɗi, domin ramin da na taɓa faɗawa ke nan.

Kuma ba wauta ce zalla ta ja ni ba, labarin yana da tushe. Tun 1850 gwamnatin Amurka ta fara ba da filaye don a gina layin dogo, kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central ya fara cin moriya. A 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu kan dokar da ta ba kamfanonin jirgin ƙasa na Union Pacific da Central Pacific fili gwargwadon tsawon layin da suka shimfiɗa. Masu jiragen sai su kafa kamfanonin filaye a gefe, su yanka fulotai duk inda za a yi tasha, su sayar wa baƙi. Ga kuma Texas Pacific Land Trust, wani kamfanin filaye da aka kafa a 1888 bayan kamfanin jirgin ƙasa na Texas and Pacific ya durƙushe, da eka kusan miliyan 3.5, daga baya aka sami man fetur a ƙasarsa. Wa zai karanta wannan ransa bai biya ba?

Kuɗin gyaran rufin gida na kwasa na saya. Takarda ce mai kyau, koren zane a gefe, hoton jirgi yana tuƙa hayaƙi, sunan kamfanin da ya buga ta, American Bank Note Company, a ƙasa. A kan sa hannun shugaban kamfanin akwai 'yan ƙananan huji a jere. Na ɗauka tsufa ne. Ashe alamar an soke takardar ce, wato ta daina aiki, tun kafin a haifi kakana. Dillalin bai ɓoye ba, ya rubuta, ni ne idona ya rufe. Amma ai da ya ja kunnena. Damina ta zo, iyalina suka sha wahalar yoyo, abin yana ci mini rai har yau.

Ku yaran yanzu ko tambaya ba ku yi, ku ga hoto a waya ku tura kuɗi.

Kada ka saya. Yawancin kamfanonin nan sun sayar da fulotansu sun watse tuntuni, takardar da aka huda kuwa ba ta ba ka ko taku ɗaya na ƙasa. In kuma ranka ya kafe, saya, don tarihi ne na gaske kuma tawa ban iya rabuwa da ita ba. Sai dai ka biya kuɗin takarda, da rarar da ba ta abinci ko ta haya ba. Ka sa a turo maka hoton bayanta, ka nemi huji da hatimi. Ka duba nawa aka sayar da irinta a gwanjon baya, domin wasu dubbai ne aka kwaso daga ma'ajiyar kamfanoni, farashinsu bai taka kara ya karya ba.