Leda, gawo da zomo ɗaya

Lahadi, bayan lisha.

Sanyi ya sauka Tahoua da gaske. Ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, Uwargida kuma ta kafa doka: duk mai son ruwan zafi ya tashi ya hura wutarsa. Na yi alwala haƙora na haɗuwa. Ana sallame salla abokina Dogo ya iso da moto don mu fita ɗaukar hoton namun daji, ya naɗe kai da rawani sai ido.

Ba ma yin nisa yanzu, kun san halin da ake ciki. Gonakin bayan gari kawai, inda shanu suka gama tattake karan hatsi. Kuma yau an dace. Dogo ne ya ga zomon. Ya taɓa ni, ya nuna gindin wata sabara da leɓe. Na daɗe ina kallon ƙasa zalla kafin ƙasar ta fito da ido. Zomon daji ba ya haƙa rami irin na gida, ɗan gurbi yake yi ya lafe a ciki, ya kwantar da kunnuwa a baya, jikinsa kuwa launin yashin wurin ne sak. Muddin yana zaton ba a gan shi ba, ba ya motsi, har ka kusa taka shi.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. To, mai hoto daga kwance yake kama nasa. In ka ɗauka a tsaye gadon baya kawai za ka samu da ƙasa kewaye da shi. Sai ka sauko daidai idonsa, sannan abin da ke bayansa ya dushe, shi ya fito. Na yi rub da ciki ina jan jiki, ƙarangiya na yi mini maraba. Gilashin kyamarar nan mai jawo nesa, mai milimita 300, da na saya na hannu a Yamai akwai taurin kai: ka nuna masa ido, ya kama tsinken ciyawar da ke gaba. Dole na riƙa saita shi da yatsa. Na bar saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa don in zomo ya zabura ba ya sallama, ISO kuma, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya hau 1600 saboda rana tana bayan hazo. Hazon da muke zagi kullum shi ya ba ni haske mai laushi, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya. Can wata akuya ta yi kuka, zomon ya ɗaga kunne guda, haske ya ratsa ta ciki har jijiyoyin jini suka bayyana ja, bakin kunnen baƙi ƙirin. Na danna. Ya zabura, ya yi dama ya yi hagu, sai farin ƙasan wutsiya.

Muka ci masa a bakin tasha. Dogo ya biya, ku rubuta ku ajiye.

An ɗauke wuta da hantsi, an maido kafin azahar.

Da na buɗe hoton a kwamfuta sai da na yi hamdala. Zomon yana ƙasa daga hagu, ya fuskanci dama, gabansa fili tsakanin karare. Sama kuma ga wani gawo mai karkataccen gindi da gefen dutse cikin hazo. Abu ɗaya ne: baƙar leda ta maƙale a sabarar, daidai saman kansa. Gyaran da na yi a darktable, manhajar gyaran hoto, kaɗan ne. Na daidaita karkatar hoton, na rage toka-tokar da hazo ya zuba, na ɗan ɗaga duhun da ke ƙarƙashin idon, na goge ɗigon ƙura huɗu ko biyar da suka fito a sararin sama. A wannan lokaci na shekara ko a aljihu ka sa kyamara ƙura sai ta shiga cikinta. Ledar kuwa na bar ta.

Auta yana tsaye bayana yana cin gyaɗa. Ya ce, "Yaya, turo mini in gani a waya." Na tura. Kafin in gama shan shayi ya saka nasa a rukunin gida na WhatsApp. Leda ta ɓace. Ya yanke hoton ya matse shi sai kai da kafaɗa, ya ƙara wa idon ƙyalli, gashin ya koma ruwan goro, busasshiyar ciyawa ta yi kore shar kamar atamfar salla. A watan Janairu! A Adar, inda in ka cire gawo da lambuna sai ka yi ta neman kore da fitila. Nan da nan saƙonni suka fara shigowa. Masha Allah, tubarkalla, Gwaggo har da muryarta tana sa albarka. Na saka nawa a ƙasa. Mutum ɗaya ya amsa, ya ce ina zomon yake.

Na kira shi na ce me ya sa ya goge ledar. Ya ce, "Yaya, ai kai ma ka goge. Na gan ka." Na ce ƙurar da na goge cikin kyamara take, ba ta taɓa zuwa dajin ba, leda kuwa tana can, yanzu haka iska na kaɗa ta. Na gaya masa babbar gasar hotunan namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ma haka take: ka yanke gefe, ka daidaita haske, ka share ƙura, amma ba ka cire abin da ke wurin ba ka sa abin da babu, kuma sai sun nemi ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara sun gwada. A 2010 sun karɓe babbar kyautar daga wani ɗan Sifaniya bayan sun yanke cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake ƙofar shinge ba na daji ba ne, horarre ne. A 2018 suka soke wani hoto daga Burazil saboda dabbar mai cin gara da ke ciki matacciya ce aka cusa wa fatarta kaya aka tsayar. Auta ya ce, "To ni gasa na shiga?" Gaskiyarsa. Na ce tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan a ƙasar nan, ga ta har kan zomo. In kowa ya goge ta a hoto, jikokinmu za su ɗauka dokar ta yi aiki. Ya yi dariya ya ce na cika wa'azi, ya fita.

Da la'asar Kawu ya zo, da sandarsa da bargonsa. Aka shimfiɗa masa tabarma inda rana ke bugawa. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi sanyi, an tambayi ƙafa, Auta ya miƙa masa waya yana jiran yabo. Kawu ya nesanta ta da fuska, ya duba, ya ce, "Na wa ne? Saida shi za a yi?" Auta ya ce na daji ne, Kawu. Ya girgiza kai. "Wanga? Da wanga launi ko wuni guda ba ya yi, shaho na ɗauke shi." Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Amma bai tsaya nan ba. Ya ƙara kallo ya ce, "Kuma ina hanyatai?"

Auta bai gane ba. Kawu ya ce zomo ba ya kwanciya sai ya san ta inda zai fita. Ya ba itace baya, ya bar fili gabansa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin na bayansa ba tare da ya waiwaya ba, shi ya sa ba a zagaye shi da sauƙi. Duk maharbin da ya san aikinsa hanyar yake fara dubawa kafin naman. "Wanda ka toshe ma hanya dut, ai kamamme ne. Hoton kamammen zomo ka yi."

Abin da masu koyar da hoto ke ta nanatawa ke nan, wai a bar wa dabba fili ta inda ta fuskanta. Ga tsoho bai taɓa riƙe kyamara ba ya faɗe shi a numfashi ɗaya, kuma da dalilin da ya fi nasu.

Sai na kawo masa kwamfuta, ina ji da kaina. Bai nemi zomon ba, nan take ya ɗora yatsa a kansa. Ya bi filin da ke gabansa da yatsan, ya gyaɗa kai. Ledar ko kallo ba ta ishe shi ba. Daga nan idonsa ya hau sama, ya tsaya a kan gawon. Ya yi murmushi, ya faɗi sunan mai gonar, da sunan ubansa, da rijiyar da ke gabas da wurin. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, "Ashe har yanzu akwai su nan. Yaran unguwa da karnukansu sun sani?"

Na ce ba su sani ba. Ya ce, "Yanzu sun sani. Ba ka sa a waya ba?" Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Aka yi dariya, har da ni. Ya juya ya shiga zancen kuɗin buhun hatsi.

Tun lokacin ban sake ba.

Ni da nake taƙama ina kashe abin nuna wuri a waya, ina kuma tabbatar da cewa ba a rubuta wurin cikin fayil ba kafin in saki hoto. Ashe mutumin Tahoua ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam, gawo ɗaya ya ishe shi. Ba na adawa da farauta, da naman zomo aka yaye mu a gidan Kawu. Akwai ma dokar farauta ta 1998, ma'aikatan gandun daji na nasu ƙoƙari. Amma yaran da ke fita da karnuka ranar da babu makaranta ba su san lokaci ba, ba su san mai ciki ba. Kuma ɗan zomon daji ba a rami ake haihuwarsa ba. A fili yake zuwa duniya da gashinsa, ido buɗe, uwar ta bar shi a lafe ta tafi, sai ta zagayo ta ba shi nono na ɗan lokaci ta sake gaba. Kare ba ya wahala a kansa.

Ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Hoton Auta ƙarya ne daga sama har ƙasa, amma ba wanda zai bi shi ya je ko'ina. Nawa ban ƙara ban rage ba, kuma shi ne taswira. Dogo, da na kira shi, ya ce ina wahalar da kaina, zomo ba ya rasa wani gindin sabara, yaran kuma sun fi ni sanin dajin tun kafin in sayi kyamara. Wataƙila. Uwargida ta ce in dai zomo ne zai hana ni cin tuwo, ta ba almajiri. Na ci.

Na sake buɗe hoton ɗazu. Na jawo layin yanka daga sama, na sauko da shi har gawon da dutsen suka fita. Ya zama dogo a kwance, siriri: zomo daga hagu, hanyarsa a buɗe har ƙarshen dama, leda na nan saman kansa. Yanka halal ne ko a Landan. Amma hoton ya rasa iska, gawon ne ke riƙe da wancan gefen, yanzu nauyin duk ya zube hagu. Na gwada barin rassan ƙasa kaɗai ba tare da gindin ba, ya ɗan fi. Na goge na farkon daga rukunin gida, ko da yake duk mai son ajiyewa ya riga ya ajiye. Mai gawon zan wanke shi babba in rataye a ɗaki, Kawu ya zo ya yi ta faɗar abin da ya ga dama. Wanda za ku gani a shafina gobe yankakken ne, kada wanda ya tambaye ni wace gona.

Auta ya shigo yanzu wai in ara masa kyamara ranar Asabar, akwai bikin abokinsa. Na ce sai ya zauna ya cire mini ƙarangiyar da ke wandona tukuna, ɗaya bayan ɗaya. Yana tsakar gida da fitilar waya yana mita.